Wa Ne Gilashin Ƙara Girman Rubutu Yake Yi wa Amfani?

Tsakanin mai ido da makaho akwai wata jama'a mai yawa wadda ba a cika yin batunta ba. Su ne masu raunin gani, watau waɗanda suna ganin hanya, suna gane mutum in ya matso, amma wasiƙa ko rubutun jikin kwalbar magani ya gagare su, ko da an yi musu aiki ko an ba su tabarau.

Binciken da aka yi a ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4 da dubu 250, masu shekara 40 zuwa sama, ganinsu ya ragu ƙwarai ko kuwa sun makance. Makafi a cikinsu sun ɗan haura miliyan 1. Sauran duk suna da ragowar gani, abin tambaya kuwa shi ne yadda za a yi su ci moriyarsa.

Kayan taimakon karatu iri-iri ne. Akwai gilashin riƙewa a hannu, da mai ƙafa wanda ake ɗorawa bisa takarda, da tabarau mai ƙarfi, sa'an nan da na'ura mai kyamara wadda take fito da rubutu manya-manya a kan allo kamar talabijin. Wayar hannu ma tana yin wannan aiki. Amma kowanne da tasa illa. Gwargwadon ƙarfin gilashi, gwargwadon ƙanƙantar wurin da yake nunawa, har ya zama kalma ɗaya ko biyu ake gani a lokaci guda, kuma tilas a kawo takarda dab da fuska. Wanda ba a koya wa wannan ba sai ya gaji, ya jefa gilashin cikin akwati.

A shekarar 2018 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara bincike 13 da aka yi a kan mutum 715 a Amurka da Birtaniya da Kanada. Sun ga alamar cewa na'ura mai allo ta kan tebur tana sa a yi karatu da sauri, a kuma daɗe ana yi, fiye da gilashi. Duk da haka sun ce shaidar ba ta yi ƙarfin da za a ce ga wanda ya fi ga kowa da kowa ba.

To, a nan ne ya kamata hukumomin lafiya su lura. Yawancin waɗanda aka gwada a can tsofaffi ne masu ciwon da yake cin tsakiyar gani, ya bar gefe. A Nijeriya kuwa yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin ɗari na makanta, hawan jinin ido yana biye da wajen kashi 17. Mai yana, aiki yake bukata. Mai hawan jinin ido kuwa gefen ganinsa ne yake fara tafiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu, saboda haka ƙara girman rubutu da yawa yana iya rage masa abin da yake gani. Waɗanda sukan fi jin daɗin gilashin su ne irin su yara zabiya, waɗanda da shi da kujerar gaban aji sai su karanta littafi ɗaya da 'yan'uwansu.

Ashe ke nan awo shi ne farko, ba saye ba. Asibitin Ido na ECWA da ke Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna sun yi suna, amma mutumin ƙauye ba ya kai kansa can sai abu ya ɓaci. Da ya ji gani ya ragu, sai ya nufi mai tallar tabarau a kasuwa.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba su haƙƙin ilmi. Lalle doka ba ta karanta wa yaro allo. Abin da ya rage ga gwamnatocin jihohi shi ne su sa ma'aikacin ido a kowane babban asibiti, wanda zai auna, ya zaɓa wa mutum abin da ya dace da idonsa, ya kuma zauna ya koya masa. In ba haka ba, kuɗin da za a kashe wajen sayo kaya sai ya zama an yi ba a yi ba.