Honarabul na Ƙauye: Me Muka Aike Shi Ya Yi?

A duk cikin waɗanda muke zaɓa, babu wanda ya kai ɗan majalisar dokokin jiha kusanci da mutumin karkara. Gwamna sai dai a ji muryarsa a rediyo, sanata kuwa sai a ga hotonsa a jikin bango. Shi wannan mun san gidan ubansa, mun san gonarsa, mun san masallacin da yake sallah. Sau da yawa tsohon malamin firamare ne, ko kansila, ko sakataren jam'iyya a ƙaramar hukuma, ko ɗan kasuwar hatsi da Allah Ya buɗa wa. Amma duk da wannan kusanci, shi ne wakilin da muka fi jahiltar aikinsa, kuma wannan jahilci yana cutar da mu fiye da yadda muke zato.

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙofar gidan Honarabul ranar Asabar da hantsi ya san abin da nake faɗa. Na zauna a irin wannan zaure a mazaɓarmu. Ga dattijo riƙe da takardar magani da ta yi laushi saboda naɗewa, ga matashi da rasidin kuɗin jarrabawa, ga wanda matarsa ta haihu babu ragon suna. Honarabul ya fito, ana ta “Allah Ya ja zamaninka”, yaronsa na biye da shi yana zaro kuɗi daga aljihun gaba. Har aka watse ban ji wanda ya tambaye shi nawa aka ware wa asibitin garin a kasafin bana ba, alhali rashin magani a asibitin ne ya kawo dattijon nan ƙofar gidansa.

Ba na zargin mabuƙaci, yunwa da ciwo ba sa jira. Amma kujerar da muka ba mutumin nan ta fi aljihunsa girma nesa ba kusa ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce kowace majalisar jiha ta ƙunshi wakilai daga 24 zuwa 40. Kano na da 40, Jigawa 30, Zamfara 24. Ke nan ƙuri'ar mutum ɗaya a zauren tana da nauyi. Sai da amincewarsu gwamna zai kashe kuɗin jiha. Su ke tantance kwamishinoni. Sashe na 128 ya ba su ikon binciken yadda ma'aikatu ke kashe abin da aka ware musu. Su ke yin dokar da ke tafiyar da ƙananan hukumomi. Ko gyaran tsarin mulkin ƙasa ba ya tabbata sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda.

Tarihinmu ya nuna ƙarfin nan a fili. A watan Yunin 1981 majalisar tsohuwar Jihar Kaduna, wadda 'yan NPN suka rinjaya, ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP. A 2019 majalisar Kano ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma wata majalisar ta soke dokar cikin irin wannan hanzari. Kowa na da ra'ayinsa a kan waɗannan matakai. Abin da nake so a lura da shi shi ne saurin. Majalisar da za ta iya sauya fasalin sarauta cikin mako guda za ta iya kiran kwamishina ta tambaye shi inda takin da aka yi wa manoma alkawari ya maƙale har damina ta yi nisa.

To me ya sa ba a yi? Saboda rayuwar siyasar Honarabul ba a hannunmu take ba. Tikiti daga sama yake fitowa, deliget kuma sun san wanda ke ciyar da su. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. An gyara tsarin mulki a 2018 don majalisun jihohi su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, amma wanda yake tsoron rasa tikiti ba zai ɗaga murya ba ko da kuɗin na aljihunsa. Sai ya zamana yana buƙatar alherin gwamna don ya sallami jama'ar ƙofar gidansa, mu kuma da hannunmu muna ƙara tura shi gidan gwamnati. Ƙarshenta, shekara huɗu ko takwas, a sauya shi, ya dawo ƙauye da bashin kamfe, zauren ya yi tsit, hanyar garin na nan yadda ya same ta.

Gyara na hannunmu, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Doka ta ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara; mu tambaye shi kwana nawa ya halarta, ƙudiri nawa ya gabatar. Ƙungiyoyin ci gaban gari, malaman makaranta, limamai da ƙungiyoyin mata su gayyace shi filin firamare kafin a zartar da kasafi, ya karanta mana da Hausa abin da aka rubuta wa mazaɓarmu, bayan wata shida ya dawo ya faɗi abin da aka saki. Wanda ya yi watsi da mu, sashe na 110 ya ba mu damar yi masa kiranye. Matasanmu kuma su sani tun 2018 ɗan shekara 25 na iya tsayawa takarar wannan kujera.

Honarabul da ya san jama'arsa za su tsaya masa idan ya faɗi gaskiya a zaure zai fi ƙarfin hali a gaban gwamna. Mu rage masa nauyin roƙo, mu ɗora masa nauyin wakilci, domin shi muka aike shi ya ɗauko.