Kansila, Yaushe Rabonka da Asibitin Mazaɓarka?

A yawancin garuruwanmu, kansilan kirki shi ne wanda idan aka yi masa sammako da takardar magani zai sa hannu a aljihu ya miƙo dubu biyu ko uku. A yaba masa, a ce yana da hannun kyauta, a yi masa addu'ar zarcewa. Ba mai tambayarsa dalilin da ya sa asibitin da ke bayan gidansa ya rubuta maganin zazzaɓi ya ce a je kemis a saya. Mun zaɓi mutum domin ya sa mana ido, mun mai da shi mai raba sadaka, shi kuma ya ga hakan ya fi masa sauƙi.

Alhali aikin a rubuce yake. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya lissafa kula da lafiya cikin ayyukan da ƙananan hukumomi 774 ke da hannu a ciki, ya kuma ɗora musu kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka gina kiwon lafiya a matakin farko a kan ƙaramar hukuma, saboda ita ce ta fi kusa da mai ciki da mai goyo.

Kansiloli suna da uzurin da suka saba kawowa. Daga 2011 aka fara tattara ƙananan asibitoci a ƙarƙashin hukumar lafiya ta jiha, don haka ɗaukar ma'aikaci da canja masa wurin aiki sun bar hannun sakatariya. Kuɗi kuwa sun daɗe suna maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke juyawa, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Duk wannan gaskiya ne. Amma an karɓe wa kansila alƙalamin sa hannu ne, ba a karɓe masa ido da ƙafa da baki ba.

Sa ido ba ya cin ko kwabo. Ka je asibitin da ƙarfe goma na dare ba tare da ka aika ba. Ka ga ko ƙofa a buɗe take, ko kuwa maigadi ne kaɗai a kan benci da rediyonsa. Ka leƙa ɗakin haihuwa ka ga ko da fitilar waya ungozoma ke aiki. Ka buɗe firjin rigakafi ka taɓa ka ji ko da sanyi. Ka ɗauki rajistar ma'aikata ka gwada sunayen da ke ciki da fuskokin da ke gabanka. Ranar awo ka tambayi matan da ke kan layi nawa aka karɓa a hannunsu, kuma na mene ne. Sannan ka kai abin da ka gani zauren majalisa, a rubuta shi, a aika wa hukumar jiha, a koma bayan wata uku a ga abin da ya canja.

Akwai kuma kuɗin da za a bi sawunsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda mai aiki. Wani kaso yana shiga asusun asibitin ne kai tsaye, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da ta cewa a kan yadda za a kashe shi. Kansila nawa ne suka san ranar da kuɗin ya shigo? Nawa ne suka taɓa neman ganin rasit?

Sakacin nan rai yake ci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba su samu cikakken rigakafi ba, kuma a ƙaramin asibitin unguwa ake yin wannan allurar. Gidajen gajiyayyu kuwa sun fi komai shan mantuwa, domin tsohon da ba shi da kowa da mai taɓin hankali ba sa zuwa ƙofar ciyaman su yi ƙorafi, ba sa kuma kaɗa ƙuri'a.

Kada a ɗauka ina cewa a je a ci mutuncin ma'aikata. Sau da yawa malamin asibiti guda ne ke duba marasa lafiya, shi ke allura, shi ke cike takardu. Mai sa ido na gaskiya shi ne zai fara kai kukansa sama, ya ce a ƙaro masa hannu, a gyara masa rijiya. Wanda ake nema a tona shi ne mai karɓar albashi yana zaune a birni.

Mu ma da namu laifin, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin kuɗin magani muke nema a hannun kansila, shi zai ci gaba da ba mu, mu kuma mu ci gaba da dawowa. Liman da mai unguwa da ƙungiyoyin mata da matasa su sa shi a gaba duk bayan wata uku ya karanta musu abin da ya gani a asibiti da abin da ya yi a kai. Wanda ya kasa, idan ya dawo neman ƙuri'a, a gaya masa ya ci amana.