Bayan Taro Ya Watse: Kwanakin da Suka Rage wa Ango da Amarya

A yawancin bukukuwan da ake yi yau a Kano, Kaduna ko Abuja, ango yana yawo da wani lissafi a wayarsa. Lefe yana ciki, da kuɗin zauren taro, da mai hoto, da ankon abokai, da man motocin kai amarya. A gidan amarya ma akwai irinsa, na kayan ɗaki da gara da kamu. Wanda ya duba lissafan nan biyu da idon basira zai ga kusan kowane layi domin baƙi aka rubuta shi. Tafiyar amarci, idan ma ta samu shiga, tana can ƙasa tana jiran abin da ya yi saura, kuma ba kasafai wani abu ke saura ba.

Wannan jeri a kife yake. A cikin dukan hidimar aure, tafiyar amarci ce kaɗai mutum biyun da aka taru dominsu za su amfana da ita su kaɗai, kuma suna bukatarta fiye da yadda ake zato. Neman aure a ƙasar Hausa ana yin sa ne a zaure ko a falon baƙi, sai kuma ta waya. Ango ya san muryar amarya da kwalliyarta, ita ma ta san turarensa da alkawuransa, amma babu wanda ya san yadda ɗan'uwansa ke tashi daga barci, ko yadda fuskarsa ke komawa idan yunwa ta kama shi. Ga ma'aikata kuwa lokacin sanin wannan kaɗan ne. Dokar ƙwadago ta Najeriya kwana shida na aiki kacal ta wajabta a matsayin mafi ƙarancin hutun shekara, kuma ko inda ake ba da fiye da haka, kamu da walima da dina da buɗar kai sukan cinye rabinsa. Ana kai amarya ranar Asabar, Litinin ta sama ango yana ofis, likitar da ya aura kuma tana kwanan asibiti.

Akwai masu cewa wannan al'adar Turawa ce da aka kwaso daga fina-finai. Sunanta da jirgin saman da ake hawa na iya zama baƙi, amma keɓe wa sabon aure kwanaki ba baƙon abu ba ne. Fikihun da ake karantarwa a zaurukan malamai ya ware wa budurwa kwana bakwai, bazawara kwana uku, kafin mai mata fiye da ɗaya ya koma rabon kwana. Al'ada ma ta yi nata tanadin: a makon farko amarya ba ta fita, a gidaje da dama ba ta ɗora tukunya, daga gidan su ango ake aiko da abinci. Abin da ya lalace shi ne makon ya cika da mutane. 'Yan ganin ɗaki suna fita abokan ango suna shiga, ga ƙawayen da ba su samu zuwa biki ba, ga gwaggon da ta taso daga wani gari, wadda babu mai tarbiyyar da zai ce mata ta dawo gobe. Tafiya ita ce hanya mafi ladabi ta rufe ƙofa ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Kwaikwayon da ya cancanci suka yana wani wurin daban, wato inda ake zaɓen ƙasar da za a je saboda hoton da za a ɗora a Instagram. A farkon Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ɗakin otal ɗin da yayan ango ya kama a Dubai lokacin nasa auren ya ninka sau uku ko fiye a naira, albashi kuwa bai bi sahu ba. Daular Larabawa ma ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, ba ta dawo da ita ba sai a Yulin 2024, abin da ya nuna cewa shirin da aka gina kan ƙasa ɗaya tak yana iya rushewa da sanarwa guda. Ango da ya ci bashi don kwana biyar a bakin teku zai shafe watanni ana yankar albashinsa, a daidai lokacin da kuɗin haya da cefane, wataƙila har da awon ciki, suke fara ƙwanƙwasa ƙofa. Daidai ruwa daidai tsaki. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne kwana nawa za a iya samu, sannan a nemi wurin da aljihu zai iya ɗaukar waɗannan kwanaki.

Wuraren suna nan kusa. Yankari, tafiyar kimanin sa'o'i biyu daga garin Bauchi, tana da ruwan Wikki da ɗuminsa ke zama wajen digiri 31 dare da rana, kuma da rani aka fi ganin giwaye, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka matso bakin ruwa. Mai son sanyi yana da tsaunin Mambilla a Taraba, da gonakin shayinsa da hazonsa, sai dai hawa zuwa Gembu daga Jalingo yana cin mafi yawan yini, kuma da damina hanyar ba ta sabbin ma'aurata ba ce. Gaskiya dai ita ce kula da wuraren shaƙatawa a Najeriya yau fari ne gobe baƙi, don haka labarin wanda ya je watan jiya game da ruwa da wuta ya fi duk wani talla. Tsaro kuma ba abin kawar da kai ba ne. An kai hari a katafaren gidan shaƙatawa na Kajuru a Afrilun 2019, an kuma tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris, 2022. Hanya da lokacin bin ta suna cikin shiri kamar yadda masauki yake ciki. Masu son ƙetare iyaka suna iya shiga Ghana ko Senegal ba biza a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, Ruwanda ma ta buɗe ƙofa ga 'yan Afirka. Wanda duk wannan ya fi ƙarfinsa, ɗaki mai tsafta a Jos, ko ma a ɗaya gefen garinsu, da waya a kashe, ya biya bukata.

Umra ita ce zaɓin da iyaye suka fi saurin amincewa da shi, kuma buɗe aure da addu'a a gaban Ka'aba abu ne da ba ya bukatar mai kare shi. Amma a san abin da aka je yi. Umra ibada ce mai gajiya da cunkoso, tana da harami da ƙa'idojinsa, kuma tsarin rukuni mai rahusa sau da yawa yana haɗa mutum huɗu a ɗaki, maza daban mata daban, sai an biya ƙari kafin a samu ɗakin mutum biyu. Ga wani lissafin da ba ya cikin takardar kamfanin tafiye-tafiye: mace ba ta ɗawafi a kwanakin al'adarta, kuma amarya ce kaɗai ta san kwanakin.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna raunin salon ba-zata, inda ango ke sayen tikiti a ɓoye ya miƙa wa amarya a gaban jama'a ana tafi. A hoton bidiyo yana da daɗin kallo. A zahiri kuwa an hana ta faɗin ko tana tsoron jirgi, ko shugabanta a wurin aiki zai sake ta, ko ma ta fi son a sayi injin wanki da kuɗin. Zaman da za su yi su biyu, su buɗe wa juna abin da kowa yake da shi da abin da ake bin sa, shi ne karon farko da za su yanke shawarar kuɗi tare, bayan wata da watanni iyaye da ƙawaye suna yanke musu. A nan ne kuma ƙananan abubuwa ke fitowa: fasfon da ya rage ƙasa da wata shida ya ƙare, wanda ƙasashe da yawa ba sa karɓa, katin rigakafin shawara, da sunan da ke kan tikiti, wanda dole ya dace da na fasfo ko da amarya ta fara amsa sunan miji.

Babu kuma dokar da ta ce a tashi washegarin kai amarya. Jiki a gajiye yake, dangin nesa ba su gama komawa ba, akwai gaishe-gaishen godiya da idan aka tsallake su za a daɗe ana ambato. Farashin tikiti ma yakan hau a Disamba da gabanin azumi, daidai lokutan da aure ya fi yawa. Ma'auratan da suka raba hutunsu biyu, suka ba dangi makon farko, suka ajiye na biyun zuwa bayan wata ɗaya ko biyu, sukan tafi da hankali kwance da kuɗi mai sauƙi. Sharaɗin shi ne a cire kuɗin tun kafin biki a ajiye shi inda hannu ba zai kai ba, a rubuta ranakun a ofis, a kuma sanar da iyaye na ɓangarorin biyu da wuri. Mahaifiyar amarya, wadda ba ta gama sabawa da ɗakin 'yarta babu kowa a ciki ba, gara ta ji labarin tafiyar daga bakin surukinta tun ana saura mako biyu, da ta ji shi a waya daga filin jirgi.