Ƙosai ya ƙanƙance, laifin wa?

Jama'a, kowace safiya daga Maradi har Damagaram muna tsugune gaban kaskon mai ƙosai: ɗan kabu-kabu, ɗan makaranta, mai turin kura. A da, da dala ashirin ka karya, ga yaji ga gyara. Yanzu sai ƙorafi, wai ƙosai ya koma kamar ɗiyan magarya.

To, mu yi adalci mana. Tiyar wake ta hau, mai ya hau, itace da kuɗin niƙa ma haka. Ranar da ta ƙara kuɗi kuwa, gun maƙwabciyarta za mu koma. Dole ta rage girma. Kuma mu ɗin nan ne ke cewa "Inna, rubuta, sai gobe", goben da ba ta zuwa. Bashinmu ke cinye jarinta, har ta koma tuya da man shekaranjiya da ya yi baƙi, mu kuma mu ci a cikinmu.

Da kaskon nan take ciyar da gida, wata ma da marayu. Duk wanda Inna ke bi ko dala biyar ce, ya kai mata yau, kafin ya buɗe baki ya nemi gyara.