Hular Bakwaini Da Likkafanin Jariri: Ina Hannun Gwamnati?

Duk wanda ya shiga kasuwar Wuse ko ta Sabon Garin Kano neman kayan jarirai zai tarar da huluna da riguna da safuna iri-iri, amma kusan dukkansu an yi su ne domin jaririn da ya cika wata tara, mai nauyin kilo uku ko fiye. Kewayen kan irin wannan jariri yakan kai santimita 35. Na wanda aka haifa a mako na 28, wato bakwaini, wajen santimita 26 ne, bai fi babban lemon zaƙi ba. Hular kasuwa takan zamo ta rufe masa hanci, ko ta sulluɓe ta bar kan a buɗe. Shi kuwa bakwaini ba ya aiko da sanarwa. Yakan iso wata biyu kafin a gama sayayya, ko da a gidan da kunya ba ta hana mai ciki tanadin kaya tun da wuri ba.

Maganar ta wuce ta ado. Likitoci na so zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, fatarsa siririya ce, kansa kuma ya fi sauran jikinsa girma idan aka kwatanta da na babba, don haka ta nan zafi yake tsiyayewa. Idan jikinsa ya yi sanyi, sai ya ƙone ɗan sukarin da ke jininsa wajen neman ɗumi, numfashi ya yi masa wuya, cuta ta samu ƙofa. Wannan na faruwa har a ƙasashe masu zafi, balle a daren hunturu a Jos ko Gusau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin cikar mako 37 a shekarar 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu bayan Indiya da Pakistan, da fiye da 770,000. Hukumar ta ce a ƙasashe matalauta rabin jariran da aka haifa a mako na 32 ko ƙasa da haka suna mutuwa saboda rashin abubuwan da ba su fi ƙarfin kowa ba: ɗumi, taimakon shayarwa, da kulawar farko ga cututtuka da matsalar numfashi. Ɗumi ne na farko a jerin.

A Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai, wannan giɓi na kasuwa masu aikin sa kai ne suka daɗe suna cike shi. Akasarinsu mata ne, da yawansu sun yi ritaya, wasu kuma sun taɓa zaman jinya a ɗakin bakwaini ko sun binne nasu jaririn. Suna saƙa huluna da 'yan barguna, suna ɗinka riguna masu buɗewa ta gaba ko ta kafaɗa domin kada a taɓa robar ƙarin ruwa da wayoyin na'ura wajen sa wa jariri. Akwai 'yan ƙyallaye biyu da ake saƙawa iri ɗaya, uwa ta sa ɗaya a jikinta, a ajiye ɗayan kusa da jariri a cikin kwalba, a riƙa musanya su domin kowa ya ji ƙamshin ɗan'uwansa. Wasu asibitocin Ingila sun mai da hular kanta alamar aiki: jaririn da ke cikin haɗarin sanyi ana sa masa ja, ta yadda ma'aikaciyar jinya za ta gane shi tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne yadda ake tsare wannan aiki da ƙa'ida. A Danmak, a shekarar 2013, aka fara saƙa wa bakwaini 'yar tsana mai siffar wata dabbar teku mai hannuwa takwas. Hannuwan a murɗe suke kamar igiyar cibiya, kuma ma'aikatan jinya sun lura cewa jaririn da ya riƙe su yakan rage fizgar robar da ke hancinsa. Amma ba kowace ake karɓa ba. Dole zaren ya zama auduga zalla wanda zai jure wanki da ruwa mai zafin digiri 60, saƙar ta matsu yadda abin da aka cusa a ciki ba zai fito ba, kuma kada hannu ɗaya ya wuce santimita 22 idan an miƙe shi, domin kada ya naɗe wuyan jariri. Ana duba kowace ɗaya kafin ta shiga asibiti, kuma duk da haka akwai asibitocin da suka ce ba sa so. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin wulaƙanta mai kyauta. Asibiti ke faɗin abin da yake buƙata, da girmansa, da irin zarensa, mai saƙa kuma ta bi. Kyakkyawar niyya ba ta hana zare mai gashi shiga hancin jariri.

Ɗaya ɓangaren aikin ya fi nauyi a zuciya, domin kayan waɗanda ba su rayu ba ne. A jihar Teksas ta Amurka, ƙungiyar NICU Helping Hands ta fara wani shiri a 2013 na karɓar rigunan amare da aka gama biki da su, a warware su, a ɗinka 'yan riguna na binne jarirai, a ba iyaye kyauta. A Birtaniya, ƙungiyar Sands, wadda iyayen da suka rasa jarirai suka kafa a 1978, ta daɗe tana matsa wa asibitoci su kula da masu irin wannan rashi. Masu ɗinki a can sun san cewa jaririn da ya zo da wuri ƙwarai fatarsa ba ta jure a sa masa riga, sai su yi masa wani ɗan aljihu mai taushi da za a kwantar da shi a ciki a rufe. Sau da yawa sukan yi bargo biyu iri ɗaya, a binne shi da ɗaya, uwa ta tafi gida da ɗayan.

Ba duk wannan ne zai dace da Najeriya ba, kuma ba a buƙatar ya dace. Iyalin Musulmi farin ƙyalle mai tsabta suke nema, da gaggawar kai jariri makwancinsa. Iyalin Kirista na iya son riga da ɗan lokaci na addu'a. Wata uwa za ta so ta riƙe wani abin tunawa, wata kuma ganinsa zai ƙara mata ciwo. Abin da ya haɗa su shi ne babu wanda ke zuwa haihuwa da likkafani a jaka. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 2019 jarirai kusan miliyan 2 aka haifa babu rai a duniya, fiye da 170,000 daga cikinsu a Najeriya, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na irin wannan rashi a duniya yana aukuwa ne ana cikin naƙuda. Ma'ana uwa ta shigo da ɗa mai motsi a ciki, da zanin goyo da sabulu, ta fita hannu wofi. Da ƙarfe biyun dare, kasuwa a rufe, abin da ke kusa shi ake ɗauka: tsohon zani, ragowar auduga, wani lokaci kwalin magani. Uban da ya taɓa karɓar ɗansa a cikin kwali ba ya mantawa, ko da ba zai taɓa faɗa ba. Al'ada ta riga ta koya wa mutane taƙaita zancen. Ana cewa "ya koma", a yi addu'ar Allah ya sa mai ceto ne, a ba uwa haƙuri da cewa wani na tafe. Rabin yadi na alawayyo da aka wanke aka goge aka ajiye a ɗakin haihuwa ba zai dawo da kowa ba, amma yana shaida wa iyaye cewa asibitin ya ɗauki abin da suka rasa a matsayin mutum.

A fannin masu rai kuwa, Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. A 1978 wani likita mai suna Edgar Rey ya fara wata dabara a Bogota ta ƙasar Kolombiya saboda ƙarancin kwalaben jarirai: a ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, daga shi sai hula da kunzugu, a ɗaure shi da ƙyalle. Ita ce ake kira renon kangaru. A 2021 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci biyar na Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Najeriya, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya wakilci ƙasar nan. An gano cewa fara wannan reno nan take bayan haihuwa, ga jarirai masu nauyi tsakanin kilo 1 da 1.8, ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da jira sai jariri ya daidaita a kwalba. A Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta bisa wannan. Kayan aikin dabarar, baya ga ma'aikata da na'urorin da ke sa ido, su ne ƙyallen ɗauri da riga mai buɗewa da hula, abubuwan da kowane tela a Nyanya ko Kubwa zai ɗinka idan aka ba shi awo. Ƙasar da kowace yarinya ta iya ɗaura majanyi tun kafin ta shiga makaranta ba ta da uzurin jiran wannan daga jirgin ruwa.

A nan ne ya kamata a yi hattara da sadaka. An saba ganin ayarin motoci ya tsaya a ƙofar asibiti ranar wani biki, a sauke jakunkunan kayan jarirai da aka sayo a kasuwa, a ɗauki hoto da uwayen da ba a tambayi izininsu ba, a wuce. Kayan ba su yi wa bakwaini daidai, ba a san da me aka yi su ba, wanda ya mutu kuwa babu mai tuna shi, domin likkafani ba ya kyau a hoto. Mafi muni shi ne sadaka ta zama mayafin da gwamnati ke rufe gazawarta da shi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna jarirai 39 cikin kowane 1,000 suna mutuwa kafin su cika wata guda, alhali burin da Najeriya ta sa wa hannu shi ne 12 zuwa 2030. Hula ba ta maye gurbin iskar numfashi, ko wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa, ko ma'aikaciyar jinyar da ta tafi Ingila. Masu saƙa a Amurka sun fahimci haka tun 2006, lokacin da ƙungiyar Save the Children ta nemi su saƙa huluna domin jariran ƙasashe matalauta, tare da rubuta wa shugaban ƙasarsu wasiƙar neman ƙarin kuɗin kula da jarirai.

Saboda haka abin da ake nema daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ba shi da yawa. Takarda ɗaya ta isa, wadda likitocin jarirai da ma'aikatan jinya za su tsara, mai bayyana awon hula hawa uku ko huɗu, da irin zare da yadin da aka yarda da su, da yadda za a wanke, da haramta maɓalli da igiya da duwatsun ado, a fassara ta zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Kowane asibitin tarayya ya naɗa ma'aikaciya ɗaya mai karɓa da tantancewa, mai ikon cewa a'a ko da matar wane ce ta kawo. Hula da ƙyallen ɗauri da farin yadin sutura kuma su shiga jerin kayan da asibiti ke saye kamar safar hannu da sirinji, a ba matan da Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa da cibiyoyin mata ke koya wa ɗinki kwangilar yin su, a biya su. Kyautar ƙungiyoyin matan hafsoshi da na masallatai da majami'u ta zo a matsayin ƙari. Bai dace bazawara mai keken ɗinki ɗaya ta riƙa aikin kyauta domin a samu damar share layi daga kasafin kuɗi ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye. Ƙyallen ɗauri ba ya aiki sai da ƙirjin da za a ɗaura shi a kai, kuma shawarar ita ce awa 8 zuwa 24 a kowace rana, har tsawon makonni. Uwar da aka yi wa tiyata ba za ta iya ita kaɗai ba, dole uba ko wata 'yar'uwa su karɓe ta. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince wa ma'aikata maza da hutun kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Mataki ne mai kyau, amma uban bakwaini zai cinye shi tun jaririn bai fito daga asibiti ba. Birtaniya ta fara aiki da wata doka a Afrilun 2025 da ke ba iyayen jaririn da aka kwantar ƙarin hutu har mako 12, tun 2020 kuma tana ba da mako biyu ga iyayen da ɗansu ya rasu ko aka haife shi babu rai bayan mako 24 na ciki. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya na iya fara nasa da takardar umarni da za ta fayyace ƙarin kwanakin da iyayen bakwaini za su samu, da haƙƙin ma'aikaciya da mijinta idan jariri ya zo babu rai, domin kada lamarin ya rataya a kan tausayin darakta.