A Gwada Ƙasa Kafin A Kafa Gida

Ambaliyar 2020 ta ci gonakin shinkafa da gidaje masu yawa a Jihar Kebbi. Saboda haka mai sayen fili a Birnin Malam ko Jega ko Maiyama, lalle ya gwada ƙasar tukuna, kada arha ta ruɗe shi.

Gwajin ba wuya. A haƙa rami zurfin ƙafa biyu, a cika shi da ruwa. In ya tsotse, a sake cikawa. In ruwan ya kwana ya wuni yana nan, laka ce, watau da damina za ta jiƙa gindin bango har ya zube. Jigawa kuwa nan da nan take shanyewa.

Fadama ta shinkafa ce da albasa. A bar wa manomi abinsa, a yi gini a tudu.