Wa Ya Ce Labarin Samaniya Tatsuniya Ce?

Har yau akwai manazarta adabi a cikinmu da ke ɗaga hanci in an ambaci ƙagaggun labaran kimiyya, wai tatsuniyar yara ce aka sa wa rigar ƙarfe. Irin wannan kallo ne ya hana a ba Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo haƙƙinsa wajen nazari.

Muna ƙalubalantar su da su karanta The Forever War, wanda Jo Haldeman ya wallafa a Amurka a 1974. Marubucin soja ne da aka kai Biyetnam, ya komo da rauni. Tauraron labarin, Mandella, an tura shi yaƙar wasu halittun samaniya waɗanda ba wanda ya taɓa jin ta bakinsu. Da yake gudun jirginsu ya kusa kamo na haske, watannin da ya yi a fagen daga shekaru ne barkatai a duniya. Ya dawo ya iske al'ada da zamantakewa sun juya masa baya, har ya gwammace komawa soja. Sai bayan shekara fiye da 1,000 aka gane rashin fahimta ce ta haddasa yaƙin.

To, ina tatsuniya a nan? Haldeman ya ari dodon sama ne don ya faɗi abin da tsohon soja ke ji ranar da ya zama baƙo a garinsu. Masu ɗaga hancin su nuna mana littafi guda cikin waɗanda suke koyarwa da ya fi wannan fito da halin mazan jiya.